Reshen da Ba a Raɗa wa Suna Ba

A wani zamani da bai zo ba tukuna, bayan rana ta ƙara zafi har mutane suka mayar da yini lokacin barci, an yi wani gari a arewa mai suna Kwarin Aduwa. Sunan kaɗai ya rage, domin aduwar ƙarshe ta shiga murhu tun kafin a haifi iyayen yaran garin. Mutane sukan yini kwance a ɗakunan da suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa, sai la'asar sakaliya su fito neman abinci. Yaran sun san inuwar katanga, sun san ta tankin ruwa, amma babu ɗayansu da ya taɓa zama a gindin bishiya.

A ranar da wannan al'amari ya faru, barci ya ƙaurace wa Barira. Marainiya ce 'yar shekara goma sha ɗaya, tana hannun kawunta Tankari tun da mahaifiyarta Hakama ta rasu. Da asuba, kafin a shiga barci, ta ji kawun nata yana magana da kakanta, Kaka Nomau.

"Baba, rijiya ta kusa ƙafewa. Da tsayuwar wata motoci za su zo su kwashe mu zuwa kudu."

"Allah ya kiyaye hanya," in ji tsohon. "Ni ina da mutane a gona, ba zan tafi in bar su ba."

"Waɗanne mutane, Baba? Kututture ne fa! To, ga magana. In kututturen nan ya yi inuwar da mutum ɗaya zai zauna kafin motoci su iso, na yarda ƙasar nan tana da sauran rai, ni da iyalina mun zauna. In bai yi ba, ka yi haƙuri ka bi mu."

"In bai yi ba, sai ku bar ni da shi."

Kututturen wani tsohon gawo ne a tsakiyar gonar Kaka Nomau. Duk shekara yakan fitar da tarin rassa, kamar yadda sauran kututturan gonaki suke yi. Sauran manoma sukan sare nasu da adda lokacin sassabe su ƙone, domin a garin ana cewa gonar manomin kirki ba ta da ko tsinke. Kaka Nomau kuwa ya kewaye nasa da duwatsu, bai yarda a taɓa ko ɗaya ba, kuma ya raɗa wa kowane reshe sunan wani nasa da ya rasu ko ya yi ƙaura. Kullum da yamma yakan je ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani siriri, tanƙwararre, shi yake kira Hakama. Shekara da shekaru rassan ba su taɓa wuce ƙugun mutum ba.

Abin da ya hana Barira barci tambaya ɗaya ce. Shin kakanta yana ganin abin da mutane ba sa gani ne, ko tsufa ne ya taɓa masa hankali? In na biyun ne, to da tsayuwar wata za a bar shi shi kaɗai a garin da babu ruwa. Ta juya, ta sake juyawa, sai ta tashi ta ɗauki mayafin rana, wani farin ƙyalle mai sheƙi da ake lulluɓa in fita ta zama dole, ta haura matakala.

Ba ta yi nisa ba ta ji tafiya a bayanta. Sahabi ne, ɗan Kawu Tankari, taubashinta.

"Baiwata, ina za ki da tsakar rana? So kike rana ta yi kilishi da ke, in rasa mai wanke mini kwano?"

"Koma ka kwanta, bawan gidanmu. Wannan tafiyar ta masu zuciya ce."

"Ai shi ya sa na biyo ki, in ara miki tawa."

Suka isa gona ƙasa na ƙona musu tafin ƙafa ta cikin takalma. Barira ta durƙusa gaban kututturen, ta yi yadda kakanta yake yi. Ta ce, "Salamu alaikum, mutanen gida."

Sai wata murya ta amsa daga ƙarƙashin ƙasa: "Wa alaikumus salam. An daɗe ana yi mana sallama da yamma muna barci. Yau ce rana ta farko da aka yi ta muna farke."

Ƙasa ta tsage a gefen kututturen. Wata gara ta fito, girmanta ya kai na rago, kanta ja wur, tana dogara sandar laka.

"Ni ne Madakin Gara, mai tsaron ƙofar Birnin Saiwoyi. Ku 'ya'yan masu gatari, me ya fito da ku a lokacin da ba naku ba?"

Sahabi ya ɓuya a bayan Barira. Ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Ranka ya daɗe, inuwa muka zo nema, ta mutum ɗaya tak, domin kakanmu."

"Inuwa ba a hannuna take ba, tana hannun Magajiyar Saiwoyi. Ku biyo ni. Amma ku sani, hanyar ba ta son mai kwaɗayi."

Suka bi shi ta kan saiwar gawon, wadda ta miƙe ƙasa kamar matakalar da ba ta da ƙarshe. Zafi ya ragu, duhu ya ƙaru, sai wasu ƙananan ƙwari masu haske suka riƙa tafiya a gabansu. Can suka iso bakin wani gulbi mai faɗi wanda yashi ne ke gudu a cikinsa, ba ruwa ba. Saiwa ɗaya ce ta ratsa shi, kaurinta bai fi na taɓarya ba.

"Wannan Gulbin Yashi ne," in ji Madaki. "Duk rijiyar da ta ƙafe a duniyarku, muryarta nan take zuwa. Za su kira ku. Wanda ya sunkuya ya sha, ya zama ɗaya daga cikinsu."

Suna hawa saiwar sai gulbin ya ɗauki amo: ƙarar guga na faɗawa ruwa, ƙarar tulu na cika, dariyar mata a bakin rijiya. Wata murya mai sanyi ta ce, "Sahabi, ɗan Tankari, zo ka sha har ka ƙoshi, babu mai auna maka." Yaron bai taɓa shan ruwan da ba a auna masa ba. Ya fara sunkuyawa zai sha. Barira ta yi maza ta ƙulla bakin mayafinta da nasa, ta ja shi gaba tana cewa, "Ina zuciyar da za ka ara mini? Ashe ta kaza ce!" Haushin maganar ya sa ya miƙe, suka ƙarasa ƙetarewa yana gunaguni.

Daga nan suka faɗa wata kasuwa da ba a taɓa jin irinta ba. Babu hatsi, babu tufafi. Abin da ke jingine a kowace rumfa baƙaƙen abubuwa ne a naɗe kamar tabarmi.

"Kasuwar Inuwa ke nan," in ji Madaki. "Duk bishiyar da aka sare a sama, inuwarta nan ake kawowa a naɗe."

Wani aljani dogo, mai ido ɗaya a tsakiyar goshi, ya tare su da fara'a. "Maraba da baƙi, maraba da 'ya'yan Adam! Ku zauna ku ɗanɗana, ɗanɗano ba ya jawo ciniki." Ya warware wata inuwa ya shimfiɗa. Ta tsamiya ce. Da yaran suka taka ta, sai suka ji wani sanyi mai taushi ya sauko musu tun daga ka, suka ji kukan kurciya da motsin ganye, har da ƙamshin furar da wani ya taɓa sha a wurin. Barira ta ji hawaye ya zubo mata ba ta san dalili ba.

"Wannan ta zaunar da mutum arba'in," in ji aljanin. "Ku ɗauka ku kai wa kakanku. Ba na son komai sai 'yar ƙaramar inuwar nan da ke bin ƙafarka, samari. Me take yi maka?"

Sahabi ya dubi Barira idonsa na ƙyalli. "Kin ji? Shi ke nan, mun gama! A shimfiɗa wa babana ita ya gani." Har ya ɗaga ƙafa zai miƙa.

Amma Barira ta lura da waɗansu mutane da ke zaune a ƙarshen rumfar, jikinsu garau kamar gilashi, ana hango bango ta cikinsu, kowa rungume da naɗaɗɗiyar inuwa. Ta tambayi Madaki su wane ne.

"Waɗanda suka riga ku ciniki. Wanda ba shi da inuwar kansa ba ya iya tsayawa a rana, don haka ba su koma ba. Kuma inuwar da babu bishiya a kanta, rana ɗaya take yi ta narke."

Barira ta fizgi Sahabi. Ta ce wa aljanin, "Mun gode da karamci, amma kayan sun fi ƙarfinmu." Aljanin ya naɗe tsamiyarsa yana tsaki, sanyin ya ɗauke, suka wuce.

Fadar Magajiya wani kogo ne wanda ba a ganin rufinsa. Tana zaune a tsakiya, tsohuwa tukuf, ƙafafunta cikin wani baƙin ruwa mai zurfi, gashin kanta saiwoyi ne da suka bazu ko'ina, kowace ta nufi wani kututture a sama. Kewaye da ita yara ne ba iyaka, korayen yara masu kama da 'yan Adam, kowanne da tabon sara a wuya ko na ƙuna a ka.

Yaran biyu suka zube suka yi gaisuwa. Magajiya ta dube su ta ce:

"Kun ɗauka mun mutu. Ba mu mutu ba. Dajin da kakanninku suka sare yana nan ƙarƙashin ƙafafunku, da ransa. Kowace shekara nakan aika 'ya'yana sama da gaisuwa, ku tare su da adda da wuta, ku kira abin sassabe, ku koma gida kuna yabon tsabtar gonakinku. Ku dube su. Yanzu kuma kun zo neman inuwa?"

Barira ta ce, "Allah ya ja zamaninki, gaskiya kika faɗa. Amma kakana bai taɓa sare ko ɗaya ba."

"Kakanki? Ai shi ya fi ba ni tausayi, shi ya fi ba ni wahala. Dubi can."

A wani lungu akwai 'yar ƙwarya ɗaya ta ruwa, yara da yawa sun yi cincirindo a kanta, duk ramammu, wannan ya ture wancan, kowa ya samu ɗigo ya jiƙa leɓe. Babu mai tabo a cikinsu, amma babu wanda ya yi tsawo.

"Waɗannan su ne na kututturen kakanki. Ƙwarya ɗaya, bakuna barkatai. Maƙwabtansa sun kashe nasu da ƙiyayya, shi yana kashe nasa da so." Ta tafa hannu, aka kawo faifai, a kansa gatari da igiya da wata 'yar ƙaramar wuƙa. "Ku zaɓi abin da za ku koma da shi."

Sahabi ya raɗa mata, "Igiya mana, a ɗaure wa kututturen shinge." Barira ta tsura wa ƙwaryar ido. Ta tuna hirar kakanta ta zamanin da ake samun gero, yadda in shuka ta fito cunkus a rami ɗaya manomi yakan durƙusa ya rage ta, ya bar masu ƙarfi, don in ya ji tausayinsu duka ba zai ga zangarniya ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki wuƙar.

Magajiya ta gyaɗa kai, saiwoyin gashinta suka motsa. "Ga sharaɗina. Ki koma ki yanke rassan nan da hannunki, ki bar guda ɗaya, wanda ya fi miƙewa ya fi kauri. In kin yi haka, zan tura masa ruwan da ƙafafuna ke ciki, kafin wata ya tsaya zai zaunar da mutum. Amma tsohon gawon nan ƙarfin tashi ɗaya ya rage masa. In kika bar wanda zuciyarki ke so ba wanda idonki ya gani ba, zai karye a iskar farko, kututturen ya mutu, kakanki ya zauna gadin gawa."

Barira ta ƙara duban yaran ƙwaryar. A bayansu duka akwai wata siririya mai karkataccen wuya, wadda ko kusa da ruwan ba ta iya kaiwa.

"Waccan fa?" ta tambaya, ko da yake ta riga ta sani.

"Ita kakanki ke kira Hakama."

"Ranki ya daɗe, ki bar mini ita. Kullum ita nake fara gaisarwa. Ba ni da wani abu na mahaifiyata sai ita."

Muryar Magajiya ta yi laushi. "'Yata, mahaifiyarki tana wurin Ubangijinta, Allah ya jiƙanta. Wannan reshe ne da aka ara wa suna. Kuma abin da kika yanke ba ɓata zai yi ba, gida zai dawo, saiwa ɗaya ce. Ruwan da ta taɓa sha, cikin reshen da kika bari zai hau. Amma ni ba na riƙe hannun kowa. Wuƙa tana hannunki."

Madakin Gara ya goya su a bayansa, ya bi da su ta wata gajeriyar hanya. Da suka fito, ƙasa ta rufe kamar ba ta taɓa buɗewa ba. Rana ta yi sanyi, la'asar ta yi. Sahabi ya koma gefe ya zauna a kan dutse.

Barira ta zagaya kututturen tana duba rassan ɗaya bayan ɗaya, tana fatan idonta ya ba ta amsar da take so. Bai ba ta ba. Wanda ya fi duka miƙewa da kauri wani sabo ne da ya fito bana ta gefen gabas, wanda kakanta bai ma raɗa wa suna ba, domin bana babu wanda ya rasu a gidan.

Tana tsaye haka ta ji ƙarar sanda. Kaka Nomau ne ya zo gaisuwarsa ta yamma.

"A'a, amaryata, kin riga ni? Ko kin zo kai ƙarata wurin surukanki ne?" Sai idonsa ya sauka kan wuƙar, dariyar ta ɗauke. "Me za ki yi da wannan?"

Ta durƙusa ta faɗa masa duk abin da suka gani, tun daga sallama har zuwa ƙwarya. Ba ta ɓoye sharaɗin ba. Tsohon ya saurara har ta gama, ya dubi Sahabi, yaron ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon rassan, leɓunansa na motsi da sunaye.

"Gero nakan rage," ya ce a hankali. "Gero ba shi da suna."

Bai ce ta yi ba, bai ce ta bari ba. Ya juya fuskarsa wajen yamma.

Barira ta yi bismillah ta fara. Tana yanka kowane reshe daga gindinsa, yanka ɗaya mai tsabta, ta miƙa wa Sahabi ya ajiye a gefe da hannu biyu. Ƙaya ta soke ta, ba ta tsaya ba. Kututturen ya riƙa buɗewa, har ya rage saura biyu: miƙaƙƙen nan marar suna, da siririn da ya jingina a jikinsa.

Nan hannunta ya tsaya. Rassan biyu sun haɗu ƙwarai a gindi, har wuƙa ba za ta shiga tsakaninsu ba sai ta ji wa mai ƙarfin rauni. Ta gwada ta wannan gefe, ta gwada ta wancan, idonta ya cika har ba ta gani sosai.

Sai ta ji an durƙusa a kusa da ita. Kaka Nomau ya ajiye sandarsa. Ya sa tsofaffin yatsunsa ya kama reshen marar suna, ya janye shi gefe a hankali, ya buɗe mata hanya.

"Sauka lafiya, Hakama," in ji shi.

Barira ta yanke.

Ta ɗora tafin hannunta a kan reshen da ya rage, kusa da hannun kakanta. A ƙarƙashin ɓawon, daga can ƙasa mai nisa, suka ji wani sanyi yana hawowa.